Mamacin Shantiyen Tabotaki

A duk shekarun da na yi ina koya wa 'yan makarantar kasuwanci a Yamai yadda ake tafiyar da ma'aikata, mutum ɗaya ne ya taɓa kayar da ni a darasina, kuma shi bai ma san darasi ake yi ba. Sunansa Tsoho, mutumin Tabotaki ne ta ƙasar Buza. Aikinsa puwanta, wato mai lura da wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba.

Ɗan siririn mutum ne, gajere, da guntun fensir a bayan kunne wanda ban taɓa ganin ya sauko ba. A hannun kakansa ya tashi, kuma kakan nan shi ne mai haɗa gayya a garinsu: shi ke sanin wa za a sa kusa da wa a kunya don noma ya yi sauri, da wanda in an haɗa su sai an raba faɗa. Tsoho ya bi shi gona gona har ya yi gemu. Da kakan ya rasu sai ya shiga duniya. Ya yi dako a masana'antar gurzar auduga a Madawa, ya yi shugaban masu loda albasa a Sabon Gida, bayan farin saba'in da huɗu kuma ya bi masu gyaran hanya har Keita. Ko'ina ya je da ɗaukar kaya yake farawa, kafin wata uku sai ka tarar shi ke cewa wane ya kama nan, wane ya huta. Ba wanda ya taɓa naɗa shi, mutane ne ke juyowa su dube shi in abu ya cije.

Lokacin da na san shi, a 1986, yana puwanta a wani shantiye, wato filin aiki, na gyaran ƙasa a tsaunukan bayan Tabotaki. Yunwar tamanin da huɗu ta kwashe maza sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne ke aikin, kusan su ɗari uku, da 'yan tsirarun maza. Suna ɗauko duwatsu a ka suna jera su a gangare don ruwan sama ya daina gudu da ƙasa, ana biyansu da hatsi da mai. Tsoho ba ya kiran suna. Da safe yakan tsaya a bakin hanyar da kowa ke bi, ya gaisa da mutum ɗaya ɗaya, ya tambayi mai ciwon ƙafa ƙafarta, ya tsokani wadda ta makara jiya. In aka gama gaisuwa ya san wadda ba ta zo ba, kuma sau da yawa ya san dalili.

Ni kuwa na iso da ɗalibai shida da katan biyu na fish, wato takardun da ake cike wa kowane ma'aikaci. Istaj, wato sanin makamar aiki, na wata guda na kawo su, su ga da idonsu abin da nake zana musu a allo. Ina da shekara talatin da huɗu, ina da digiri, ina da tabarau, kuma a ganina ba abin da ya rage mini in sani game da ɗan Adam. Diraktan shantiyen, Mushe Muntari, wato Malam Muntari a Faransance, sabon zuwa ne, masu ba da kuɗin aikin kuma sun matsa masa da maganar takardu. A gaban Tsoho ya faɗa mana cewa in tsarinmu ya zauna, ba sauran amfanin puwanta wanda bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ƙarshen wata sai a sallame shi. Tsoho ya ce to. Har ya taya mu sauke katan daga mota.

Mako na farko muka yi cike fish. Akwai layin da ake rubuta sunan miji, kuma ɗalibin da na ɗora a kai Hausarsa ta kasuwar Yamai ce. Duk matar da ya tambaya sai ta kau da kai ta ce maigida, shi kuma ya rubuta. Ranar Alhamis ya zo mini da murna, wai ya gano wani mutum mai suna Maigida da ke da mata tamanin da ɗaya a shantiyen, yana ganin ya kamata hukuma ta sani. Layin sunan ɗan fari kuwa fari fat ya dawo, ko mace ɗaya ba ta buɗe baki ba.

Abin da ke ba ni haushi da kaina har yau shi ne na san duk wannan. Ni ɗan Madawa ne, ɗan fari kuma, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma na saba ajiye irin wannan sani a ƙofar aji tare da takalman gida, don babu shi a littafin da nake koyarwa. Sai na yi dariya, na ce a goge Maigida, a ɗauko sunayen daga takardun ƙidaya, a ci gaba.

Shugaban ɗaliban nawa Aƙilu ne, yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda ya haddace darasina har da inda nake tari. Shi ya raba mutane ekip ekip, wato rukuni rukuni, bisa jerin haruffa, kamar yadda na koya masa, don kada a ce an yi son kai. Sai ga Hawa goma sha huɗu a wuri ɗaya. Sai ga wata tsohuwa da mijin 'yarta suna tura baro ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, da azahar kuma dukansu suka ƙi cin abinci. Taubasai da Tsoho ke haɗawa da gangan, don tsiyar da suke yi wa juna ita ke sa dutse ya yi sauƙi, duk an watsa su. Shantiyen ya yi tsit, aikin kwana ɗaya ya koma na kwana uku.

Amma babban abin kallo shi ne apel, wato kiran suna na safe. Aƙilu ya samo lasifika, ya hau wani dutse, yana kiran suna da na uba kamar a bariki. Wadda kowa ya sani da Tabawa ba ta san ita ce Hawa Gado ba. Inna ta ji sunanta na yanka, wanda na kakarta ne, ta rufe fuska da gyale. Mata ɗari uku suna tsaye a gabansa da gammo a ka, takardarsa kuma tana cewa sittin da 'yan kai ne suka zo. Zaliha, wata doguwar mata mai baki wadda sauran ke bi, ta ce wa ƙawayenta da ƙarfi yadda za mu ji, wai tunda takarda ta ce ba su zo ba, bari su zauna su jira kansu. Suka kuwa zauna.

Tsoho yana gefe, hannu a baya. Wuri ɗaya kawai ake jin muryarsa. In Aƙilu ya iso jerin masu albashin wata ya kira Hamidu Bakari, sai Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Aƙilu ya sake kira, Tsoho ya sake addu'a, mata su ce amin. Haka kullum.

A mako na uku Aƙilu ya same ni ina shan shayi, idonsa na ƙyalli. Ya ce ya kama abin da na koya musu a babi na tara: ma'aikacin da babu shi amma ana biyansa. Hamidu Bakari ya mutu, puwanta da bakinsa yake shaidawa kowace safiya, amma duk wata albashinsa na fita. Wa ke ci? Ba sai an faɗa ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na dafa kafaɗarsa na ce ya rubuta rapor, wato rahoto. Ban je na tambayi Tsoho ba, ga shi kuwa yana zaune taku ashirin daga inda nake, yana gyara wa wata mata gammo. Yanzu magana ta wuce sallama daga aiki, ta koma a kira dattijo ɓarawo a garinsu, a gaban matan da ya san ciwon ƙafar kowacce.

Ranar ƙarshe aka taru a rumfar biro, wato ofishin dirakta. Dirakta na kan kujera, mu muna gefensa, mata sun kewaye rumfar don ba wanda ya isa ya hana su. Aƙilu ya karanta rapor ɗinsa da Faransanci mai kyau, shafi tara. Sannan Mushe Muntari ya juya ga Tsoho ya tambaye shi ko ya san Hamidu Bakari.

"Na san shi, ranka shi daɗe. Shi yar riƙe ni."

"Yana ina yanzu?"

"Ya riga mu gidan gaskiya. Shekara ta hi talatin."

Ɗalibaina suka duƙufa suna rubutu. Dirakta ya cire tabarau ya goge, ya tambaye shi to wa ke amsar albashin mamacin.

"Albashi dai ni ka amsa tai," in ji Tsoho. "Suna na ba ni amsawa."

Aƙilu ya dube ni, ni na dubi dirakta, dirakta ya buɗe baki zai yi maganar jandarma. Sai dariyar Zaliha ta fashe daga bayan rumfa, irin dariyar da sai an riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai Tsoho, hiddo masu katinka ka bar wahal da yara. Mushe, ku da kunka yi boko, wa kunka taɓa jin an yanka ma rago da sunan Tsoho?"

Tsoho ya cire hula, ya zaro wata 'yar jakar fata daga cikinta, ya miƙa katin ɗan ƙasa da ya sha gumi. Ga hotonsa yana saurayi, kunnuwa a waje. A ƙasa an rubuta Hamidu Bakari. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa tun yana cikin zanen goyo ake ce masa Tsoho, abin da kowane yaro a ƙasar nan ya sani, har da ni. Mai biyan albashi da ke zuwa daga Tawa ya san fuskarsa shekara da shekaru, in ya gan shi sai ya ce Tsoho zo ka dangwala, shi ke nan.

Dirakta ya tambayi Tsoho, cikin murya da ta sauko ƙwarai, me ya hana shi amsawa tunda sunansa ne. Tsoho ya mayar da hularsa tukuna.

"Na kakana na, ajiya anka ba ni. Uwata har ta koma ba ta taɓa hwaɗin shi ba, ubana ma hakanan. Sai ga ɗiyanga da ƙarhe ga baki, bisa dutsi, shina kiran shi tsirara, ba malam ba komi. In na amsa, na yarda ke nan a kira shi hakanan. Shi as sa nika yi mai addu'a."

Ni kuma, don in rage wa kaina kunya, na ce ai da ya gaya mana tun farko. Ya dube ni ba tare da fushi ba, wanda ya fi fushin zafi.

"Wata guda kuna nan, Mushe. Kun tambayi mata ɗari ukku sunan mazansu. Ni ba wanda yat tambai ni komi, sai inda aka kewayawa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Aƙilu ya naɗe shafi taransa ya cusa a aljihu, ya je ya durƙusa gaban Tsoho ya ba shi haƙuri, abin da ni malaminsa sai da yamma na iya yi. Ba a sallami Tsoho ba. Washegari ya koma bakin hanya da gaisuwarsa, aka ba shi ɗalibi ɗaya ya tsaya a bayansa yana cike takardar da masu kuɗi ke so. Ya raba tsohuwa da surukinta, ya mayar da taubasai wuri ɗaya, kafin hantsi tsaunin ya cika da hayaniya da zage-zagen wasa.

Shekara uku a jere na riƙa kawo masa sabbin ɗalibai, kuma dokata ɗaya ce: mako na farko ba fish, ba bik na rubutu, a tsaya bayan Tsoho a yi shiru. Shi ke gaya mini wanda zai iya riƙe mutane. Ya taɓa ce mini wata ɗaliba, Kadijatu, ta fi su duka, don ita kaɗai ta lura wata mata ta canza kafaɗar da take ɗaukar dutse. Na duba takarduna na ga ita ce ta biyun ƙarshe a jarrabawata, sai na fara zargin jarrabawar. Labarin mamacin kuwa ya zama abin wasa a makaranta. Duk wanda ya ce Hamidu Bakari a aji, sai sauran su amsa baki ɗaya da addu'ar Tsoho, a yi ta dariya. Ni ma har a gida bakina ya saba.

A damunar 1989, wata ranar Laraba da rana, ina cin abinci rediyo na karanta sanarwar rasuwa, ba na ma saurara sosai. Sai na ji an ce Malam Hamidu Bakari. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce "Allah shi jiƙan shi" da muryar Tsoho, har ina murmushi. Mai sanarwa ya ci gaba, ya ce na Tabotaki, ƙasar Buza, an yi jana'iza jiya.

Na ajiye cokali. Matata ta tambaye ni ko wani na sani ne. Na ce mata malamina ne, sannan na sake yin addu'ar da muryata.