Rigar Kakana da Biran Dutse

Duk ranar da ƙamshin gasasshiyar masara ya buge ni a tashar Jabi, sai na tuna gonarmu ta bayan Kuje, wadda ke gindin wani dutse cike da gwaggon birai.

Mai karatu, in ba ka taɓa gadin masara ba, ba ka san rainin hankalin waɗannan dabbobi ba. Namiji suke tsoro. Mace ko yaro kuwa, a gabanka za su karya masara suna kallonka. Shi ya sa da kakana ya rasu ana tsakiyar damina, kowa ya ce abincinmu na shekarar ya tafi. Kakata kuwa sai ta miƙe. Ta zura babbar rigarsa, ta kifa malfarsa, ta kama hanyar gona ina biye da ita. Wallahi biran ba su sauko ba.

Ana haka wata malamar jami'a mai binciken halayen birai ta fara zuwa. Takan wuni a ƙarƙashin ɗorawa da madubin hangen nesa, ta san wace ce uwar wane, wane ne shugaban garke. Rigar nan ta tsaya mata a rai. Ta yi ta roƙon kakata ta fito wata safiya da zaninta kawai, a gani. Kakata ta ce wa zai ciyar da mu in suka cinye? Da ƙyar ta yarda.

Ranar ta fito da zaninta kawai, ba riga ba malfa. Biran suka leƙo, suka gan ta, suka koma. Washegari aka sa wa direban malamar rigar, ƙato guda, sai ga su sun sauko har sun karya masara kai biyar kafin kakata ta iso da gudu.

Malamar ta ce cikin murna, "Mama, suna gane fuska da tafiyar mutum. Ke suke tsoro, ba rigar ba."

Da gari ya waye na ga kakata ta sake zura rigar. Na ce Kaka, ai kin ji abin da aka ce.

Ta gyara malfar, ta ce, "Su sun san ya mutu. Ni ce ban gama sani ba."

Yau an fasa dutsen, gidaje sun cinye gonar, biran ban san inda suka nufa ba. Rigar tana akwatina, kuma har yanzu na kasa wanke ta.