Daga Agege Zuwa Sabo Don Duba Wa Inna Ruwan Sama

Agege, biyar da rabi na asuba

Mako uku ke nan da faɗa ya ɓarke a Kwaddebuwa, kuma yayana Sale yana can Buwake wajen sayen goro. Waya ba ta shiga. Kafin ya tafi ya buɗe mini akwatin wasiƙa a intanet, ya rubuta lambar sirrin a bayan wani rasit. Ban taɓa buɗewa ba, don ni harkata kwandon goro da ganyensa ce.

Da aka ji zan je gidan intanet a Sabo Yaba in duba akwatin, saƙo ya yi yawa. Ɗanlami mai shayi yana son sakamakon ƙwallo, Malam Ado yana son lokutan salla. Inna kuwa, Sale ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"An ce abin nan yana faɗin yanayi. Duba mini ko ana ruwa a garin nan."

"Wane gari, Inna?"

"Ka sani."

Oshodi, bakwai saura kwata

Motar danfo ta ɗauke mu naira talatin. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da mu kafin Ikeja. A na biyun, wani ya ga hannuna a aljihu ya ce in fito da abin da nake ɓoyo. Na miƙa masa rasit ɗin. Ya juya shi, ya juya, ni kuwa ina addu'a kada ya yar a kwata.

"Alhaji, wannan ce dukiyar?" Ya jefo mini.

Sabo Yaba, takwas da rabi

Na karya da shayi da burodi kusa da masallaci, sannan na hau benen da gidan intanet yake. Kwamfuta takwas, fanka ɗaya. Mai wurin wata Bayarbiya ce, Madam Bisi, tana jin Hausa ƙwarai. Na sayi awa ɗaya.

Gaskiya tsoron buɗe akwatin na ji. Na ce mu fara da saƙon mutane. Shafin ƙwallo na da daɗi, har da hotuna, kuma ƙungiyar Ɗanlami ta sha kashi. Na lokutan salla na da amfani: ka sa sunan gari, ya jero maka na wata guda. Ta nuna mini wani na dabbobin daji, na yi dariya ba da niyya ba. Daga nan shafin labarai ya buɗe, a hankali, daga sama zuwa ƙasa: hoton mutanen Buwake da ƙunshi a ka, suna tafe a gefen titi. Na riƙa bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"Oga, saura minti goma sha biyu. Me ya kawo ka tun daga Agege?"

Na ba ta rasit. Tana cikin bugawa aka ɗauke wuta.

Minti ashirin ana fama da janareta. Na zauna ina kallon baƙin gilashi, ina jin haushin kaina da ƙwallon Ɗanlami. Da ya tashi, ta ce lokacina ya ƙare, amma ta ja kujera ta zauna.

Wasiƙa ɗaya ce, ta kwana shida tana jirana. Sale ya tsallaka Gana a motar doya, yana Kumasi gidan wani Bakano. Kaya sun salwanta, shi lafiya lau. "Ka gaya wa Inna."

Na sa aka buga mini a takarda. Sannan na ce a buɗe shafin yanayi, a sa Kumasi.

Agege, bayan azahar

Cunkoso ya riƙe mu awa biyu a Oshodi, ban ma ji ba. Na sami Inna tana tsince shinkafa.

"Inna, ban duba Buwake ba. A Kumasi ake ruwa. Can yake, lafiyarsa ƙalau."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya tambaye ka?"

Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ita da ba ta karanta boko, ta ninke ta ƙulle a bakin zane.

"To, ka aika masa ya nemi lema."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa Madam Bisi. Gobe zan kai mata farin goro.