Baƙin Da Na Shigar Wa Kakata Tana Takaba

Har yau in na ji ƙamshin man nan da Turawa ke shafawa saboda rana, mai kama da na kwakwa, sai in tuna kakata. Shi ne ƙamshin da ya cika zaurenmu wata ranar Juma'a, a gidan da aka yi wata biyu ba a kunna turare ba. Edita, na daɗe ina so in rubuto wannan labari, ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin. A Zongon Kwatano aka haife ni, bayan ƙasarmu ta koma mulkin zaɓe, kuma kakana, tsohon ɗan kasuwar goro, ya ce tunda zamani ya juya, jikokinsa mata ma sai sun yi lakwal, wato makarantar boko. Na yi, har na taɓa jami'a, na iya Faransanci da Turanci. Yarinya ce ni mai shiru, mai rubuta 'yan waƙoƙi a bayan littafin makaranta. Kakata, wadda duk gidan ke kira Hajiya, ita ta raine ni, kuma ƙawata take kirana. Takan ce in aka aike ni sayen gishiri, da labarin teku nake dawowa, gishirin kuwa na baro shi a hanya.

Na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, na yawon buɗe ido a unguwar Ganhi. Mai wurin, da muke kira Madam, ta ce min harkar ta canja. A da babban kamfani ne ke kwaso baƙi ya zube su a otal da bakin teku. Yanzu kowa yana zaune a ɗakinsa a can ƙasarsu yake zaɓar abin da zai gani ta waya, kuma yawancinsu tsofaffi ne da suka ajiye aiki, 'ya'ya sun watse, ga lokaci a hannu. Ta ce waɗannan sun gaji da otal, gidan mutane suke so su shiga, su ci abin da masu gida ke ci. In sun koma kuma sai su ba ka taurarin yabo a shafinka na intanet, taurarin nan su ne ke kawo wasu baƙin ko su kore su. Da na ji haka sai gidanmu ya faɗo min a rai. Na zauna na rubuta talla kamar mai rubuta waƙa: ƙamshin ganyen goro, jeren kwallayen Hajiya har rufin ɗaki, kiran salla yana ratsa hayaniyar zem, baburan hayarmu. Na rufe da cewa ku zo ku ga Zongon da ba a nuna wa kowa. Kakana ya yi dariya da na karanta masa, ya ce in kawo su, zai koya musu ɗaurin huhun goro. Mutum takwas suka kama wuri tun saura wata huɗu.

Saura wata biyu su zo, kakana ya rasu, Hajiya ta shiga takaba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da ke nan. Ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli da lalle da turare, ta ɗaura tsohon zane, ta koma ƙuryar ɗaki. Ba ta fita, ba namijin waje da ke ganinta. Wata huɗu da kwana goma, tsakaninta da Ubangijinta da mijinta da ya tafi.

Na gaya wa Madam a soke. Ta dafa kafaɗata ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce mutanen sun riga sun sayi tikitin jirgi, gidanmu ne abin da suka fi ɗoki, kuma in suka zubar mana da taurari, ba ni kaɗai zan zauna a gida ba, har ita. Ba ta tilasta min ba, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Cewa ta yi in yi tunani. Na yi tunanin kuwa, irin na mai wayon da bai kai ba. Na ce wa mahaifiyata abokan aikina ne za su zo gaisuwar mutuwa, ta ce kai, sun kyauta, za ta dafa musu shinkafa da wake. Na zaɓi Juma'a da azahar, lokacin da Baffa, babban ɗan Hajiya wanda gidan ya koma hannunsa, zai tafi masallaci da sauran maza. A cikin mota kuma na koya wa baƙin su ce "ya haƙuri", na ce musu haka muke gaisuwa. Suna ta maimaitawa suna dariya, ni ina kallon titi.

Mazan uku na zaunar da su a zaure, matan biyar na shiga da su tsakar gida. Na roƙe su kada a ɗauki hoto a ciki, suka gyaɗa kai, amma kowace wayarta na hannu. Suka gaida mahaifiyata da "ya haƙuri" haƙoransu a waje, ta amsa da godiya, ta jawo ni gefe ta tambaye ni wane irin masu gaisuwa ne waɗannan da gajeren wando, kuma yaushe biron namu ya koma gidan tsofaffi. Na ce haka al'adarsu take. Na koma na miƙa wa baƙin ruwa. Kunnena ɗaya yana wajensu, ɗaya yana masallaci, ina auna inda liman ya kai a huɗuba.

A cikinsu akwai wata tsohuwa mai sanda, ta haura saba'in, tana rungume da wata faffaɗar waya da ta ce jikokinta suka saya mata. Zafin tsakar gida ya buge ta, fuskarta ta yi jajir, ta dafa bango tana neman faɗuwa. Matan suka ruɗe da surutu. Sai muka ji muryar Hajiya daga bayan labule tana cewa ƙawata, wace ce ke nishi haka a gidana, ku shigo da ita inuwa kafin ta mutu mana a kan shinkafa. Na kama tsohuwar na shiga da ita. Hajiya ta matsa mata a kan tabarma, ta ɗauki maficinta tana yi mata fifita, ta ce in gaya mata ta sha ruwa a hankali, ba kamar raƙumi ba. Na fassara rabin maganar. Tsohuwar ta dawo hayyacinta, ta riƙe hannun Hajiya, ta ce min ita ma mijinta ya rasu bara. Na faɗa wa Hajiya, ta ce Allah sarki, ashe 'yar'uwa ce.

Daga nan Hajiya ta koma kan carbinta, ta sunkuyar da kai, hasken taga ya sauka a kan fuskarta. Na ga tsohuwar ta ɗaga wayar nan. Na gani da idona. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba, kalma ɗaya ta isa, ko in sa hannu in tare. Amma taurarin Madam ne suka zo min a rai, kuma, Allah Ya gafarta min, wani ɓangare na zuciyata yana cewa kai, wannan hoto zai yi kyau. Na ji ɗan ƙarar ɗaukar. Hajiya ba ta ɗago ba.

A daidai lokacin na ji an sallame salla, unguwa ta cika da ƙarar babura. Na fara tattara matan kamar mai kora kaji, ga tsohuwa ba ta iya sauri. Muna isa zaure Baffa na shigowa, dardumarsa a kafaɗa. Wani dattijo a cikin baƙin, sanye da hular kakana da ya ɗauko a kan ƙusa yana gwadawa, ya miƙa masa hannu da fara'a ya ce ya haƙuri. Baffa ya dubi hular, ya dube ni, ya amsa da godiya. Ya sa hannu biyu ya cire hular daga kan mutumin a hankali, ya mayar da ita kan ƙusarta, ya wuce ciki. Na raka baƙin mota.

Kwana tara ina jiran abin da zai biyo baya. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan sai in kasa kunne. Baƙin sun ba mu taurari cikakku, Madam ta rungume ni, ta ɗora hoton a saman shafinmu ba tare da ta tambaye ni ba, ni ma kuma da na gani ban ce ta sauke ba. A rana ta tara wata 'yar'uwarmu a Yamai ta gan shi, ta turo wa Baffa.

Bayan la'asar ya kira ni ƙofar ɗakin Hajiya, mahaifiyata na tsaye tana kuka. Ya miƙo min wayarsa, ya ce tunda ni ce mai ilimin gidan, in karanta abin da ke ƙarƙashin hoton, in mayar da shi Hausa kowa ya ji. Na karanta kalmomina da bakina, har zuwa Zongon da ba a nuna wa kowa. Ya ce to ga shi an nuna. Ya ce ashe mutuwar ubansa ma abin kallo ce, an haɗa ta da shinkafa da wake. Ya ce uwarsa da ko maƙwabcin shekara arba'in bai ga fuskarta ba tun ranar jana'iza, yau tana cikin aljihun kowane direban tasha. Ya rantse daga ranar na bar aiki, kuma zai tura ni wajen ƙanwarsa a arewa.

Sai Hajiya ta ce a miƙo mata wayar. Ta daɗe tana kallo, ta ce oh, ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata. Ba wanda ya yi dariya. Ta kira Baffa da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce ita ta ce a shigo da matar, ba a barin baƙo ya faɗi a rana a gidan mijinta, ko yana raye ko ba ya raye. Ta nuna ni ta ce ƙawarta ba inda za ta, aikinta kuma ba mai taɓa shi. Baffa ya buɗe baki, ta ce ta gama magana. Na faɗa kan ƙafafunta ina kuka ina neman gafara, ta ce in tashi, hawayena na jiƙa mata zane, ga shi guda biyu kacal take da su na takaba.

Washegari na sa Madam ta sauke hoton. Na rubuta wa tsohuwar, ta amsa da dogon ban haƙuri, ta ce da na faɗa mata da ba ta ɗauka ba, kuma na yarda da ita. Ta goge nata. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ni da hannun da zai kai can. Duk da haka na ɗauka magana ta mutu. Hajiya ta fita takaba, aka yi sadaka, ta sa lalle, ta je suna a unguwar Agla. Da ta dawo ta ce gwiwoyinta sun gama aiki. Daga ranar ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba, ita da a da ba a ɗaura tukunyar taro a Zongo sai ta ɗanɗana miyar. Shekara shida ina saya mata man zafi duk wata, ina shafa mata, tana ce min hannuna ya fi na likita.

Har yanzu ina wannan aiki, kuma ba na zargin baƙi. Mutane ne masu kaɗaici da ke neman inda za a yi musu fifita, kuma kullum ƙaruwa suke. Amma 'yan'uwana masu tallata unguwanninmu a waya, ku sani baƙo bai san inda labule yake ba, ke ce kika sani. Kafin ki rubuta ku zo ku gani, ki tambayi wanda za a gani. Wanda ya ba ki izini jiya, ki sake tambaya yau, domin gida yana canjawa. In kuma kika ga an ɗaga waya a inda bai kamata ba, ki yi magana a lokacin, ko da za a kwashe taurarin duniya.

Hajiya ta rasu shekara uku da suka wuce. Ranar sadakar arba'in ina kwashe kwalaben man zafin daga ɗakinta, aminiyarta, wadda suka je sunan nan na Agla tare, ta ce min in zauna. Ta ce a wajen sunan ne wata mata ta fito da hoton, aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu ana ƙus-ƙus, har wata ta ce ga mai takabar Turawa ta iso. Hajiya ta ci abincinta, ta yi wa jariri addu'a, ta fito. A hanya ta sa aminiyar ta yi mata alkawarin ba zan taɓa ji ba muddin tana raye. Na ce to gwiwoyin fa? Ta dube ni ta ce, 'yar nan, a tsaye Hajiya take sallarta har satin da ta kwanta.