Jiran Limamin Katolika

A shekarun yaƙin Nasara muna zaune a Madawa, katanga ɗaya ta raba mu da wani tela mutumin Dahome da matarsa. 'Yan Katolika ne, su kaɗai a unguwarmu. Jinina bai taɓa haɗuwa da na matar ba. Ga surutu, ga ƙorafin wai furata ta cika tsami, kuma kullum sai ta sha.

Da bazara mijin ya rasu. Mu dai in mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ita kuwa ta tare bakin ƙofa, ta ce ba mai taɓa shi sai limaminsu ya zo ya yi masa addu'a. Limamin yana can Damagaram, man mota kuma ya yi wuya. Zafi ne ya raba gardamar. Kashegari maigidana ya haƙa rami a tsandaurin bayan gari, nesa da maƙabartarmu, ta karanta abin da ta iya cikin kuka, aka rufe.

Danginta suka aiko ta koma gida, ta ƙi. Wai in ta tafi, wa zai nuna wa limami wurin? Gara ta cinye gicciyen da ta kafa, ta sake wani, awaki suka ture, sai ta koma jera duwatsu. Na gaji da raka ta kabarin, na gaji da ganin ta zabura duk sanda mota ta yi ƙugi a hanya. Na ce mata ai Allah ya san inda bawansa yake kwance. Ta ce ta sani, amma alkawari ta yi wa mamacin.

Sai bayan damina biyu limamin ya iso, wani tsohon Bature da guntuwar Hausarsa, farar rigarsa duk jar ƙasa. Ni na kai shi. Ya buɗe littafinsa, sai ya tsaya yana duban tarin duwatsu na biyu.

"Wannan fa?"

Na ce, "Matatai ta, matar telan, wadda ta yi ta jiranka. Ciwon tari ya tahi da ita watan jiya."

Ya tambaye ni wa ya yi mata addu'a. Na ce ba kowa, ba mu san irin tasu ba. Na dai wanke ta yadda na wanke uwata, na naɗe ta da farin zanena.

Ya haɗa su biyun ya yi musu addu'a da wani harshe da ban sani ba. Duk inda ya numfasa sai in ce amin, tunda babu mai faɗa sai ni.