Sumaila na Gidan Osumanu

Malama Zalia Ganiyu haifaffiyar Maamobi ce, jikar wani ɗan sanda da ya yi aiki a zamanin Turawa. Ta shafe mafi yawan rayuwarta tana koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta unguwar, kuma an shaide ta da sanin asalin kowane ɗalibi. Idan yaro ya fara gyangyaɗi a aji, ko rigarsa ta yi dauɗa, tambayarta ɗaya ce: "Kai ɗan wane gida ne?" Da zarar ya ambaci gida sananne sai hankalinta ya kwanta, domin a Zango, wato unguwannin baƙi irin tasu, gida yana nufin dangi da suna da manyan da za su tsaya wa yaro.

Haka ta tambayi Sumaila, ɗan ajin ƙarshe mai kaifin lissafi, ya ce Gidan Osumanu da ke unguwar Nima. Bai yi ƙarya ba. Sai dai inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, namiji idan ya balaga yakan bar wa uwarsa da ƙannensa mata ɗakin, ya nemi makwanci wajen abokai, kuma ba wanda yake kiran wannan kora. Haka Sumaila ma ya yi. Da abokin da yake raɓawa ya yi aure, Sumaila ya koma kan benci a bakin shagon tela, daga nan barandar masallaci. Gida na zaton yana wajen abokai, makaranta na zaton yana gida. Kafin jarrabawa ya daina zuwa.

Bayan shekaru ta hau tirotiro, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Madina, sai yaron motar ya ƙura mata ido.

"Madam Zalia! Har yanzu kina murɗe kunnen mutane?"

"Sumaila? A ina kake kwana yanzu?"

Ya bubbuga kujerar da take kai. "Ai kina zaune a kan katifata."

Fasinjoji suka kwashe da dariya, ita ta kasa. Ta ce masa ɗakin ɗanta yana nan ba kowa, ya zo ya zauna, ya sake neman jarrabawar.

"Haba Madam, da wannan gemun?" Ya shafa haɓa, ya rage murya. "Da a lokacin ne, da na zo da gudu."

A tasha ya sauke mata jaka, ya rusuna ya gaishe ta, ya juya yana kiran fasinjan Nima. Tana tsaye har motar ta cika ta tashi.