Ta Takwas da Rabin Ƙyalle

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana share ɗakin taron kwamitin da ke duba takardun masu son buɗe shago a tsakiyar gari. Ɗakin yana hawa na biyu a ginin ƙaramar hukuma, da dogon tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. 'Yan kwamitin su bakwai ne, amma ma'aikatan ginin Ta Takwas suke kiran Yaya, domin duk Laraba in aka zauna tana ciki da butar shayi da tsumman goge tebur, kuma ba wanda yake tunawa ya ce ta fita. Shugabanni biyar sun zo sun tafi tana nan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba ta wuce aji huɗu a firamare ba, amma ta san faɗin ƙofar da doka ta yarda da shi, ta san taku nawa ake bari tsakanin murhu da bango.

Ni ƙaninta ne, ina da shagon buga takardu a bayan ginin. Na haura hamsin, furfura ta cinye gemuna, amma har yau Auta take ce mini a gaban abokan cinikina, kuma in na ɓata rai sai ta tuna mini wanda ya goye ni.

Ban da shara, Yaya tana da wani aikin da ba wanda ya ba ta. Masu neman shago sukan zo da samfurin sana'arsu don su burge kwamiti: wannan da kan keken ɗinki, wancan da kwalin sabulu, wata da madubin da ya fi ta tsawo. Mai gadi kuma yana da umarnin kada a shiga da kaya. Sai mutum ya tsaya a kan matakala yana zare ido, lambarsa na ƙaratowa. Nan Yaya za ta buɗe siton tsintsiya, ta karɓi kayan, ta yaga ƙyalle gida biyu da haƙori, ta ɗaura rabi a jikin kayan, ta danƙa masa rabi. In ka fito, ko da dariya ko da jan ido, ka kawo rabinka ta haɗa bakin yagar. In bai dace ba, ko kai ne ka haife ta ba za ka fita da tsinke ba. Ni kaina na taɓa yar da nawa, laimata ta yi wata biyu a tsare, har damina ta wuce.

Bana aka ce mata ƙarshen wata za ta yi ritaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Babban ɗanta ya riga ya yi wa ɗakin baya fenti a gidansa da ke can bayan gari, inda in mota ta wuce sai an leƙo a gani. Yaron kirki ne, amma da Yaya ta je ta ga ɗakin, sai ta biyo ta shagona ta zauna a kan benci. Can ta ce, “Auta, in na shiga ɗakin nan, zaman jiran a kawo mini abinci zan yi har in mutu.” Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai.

A sabon layin shagunan da hukuma ta gina kusa da banki, saura ɗaya ba a bayar ba, wani ɗan tsut a ƙarƙashin matakala. Shi ta sa wa ido. Ta kuma san ƙa'ida fiye da kowa: in kwamiti ya mayar maka da takarda, sai bayan shekara biyu za ka sake nema, shagon kuma a ba na bayanka.

Muka fara rubutu, tana faɗa ina bugawa. Akwatin farko a fom ɗin shi ne irin sana'ar da za a yi.

“Me zan sa a nan, Yaya?”

“Mu ce soye-soye,” in ji ta. Sai ta girgiza kai. “A'a, hayaƙi. A gabana Duba-gari ya kashe takardun mutum goma sha ɗaya a kan hayaƙi.”

“Injin niƙa fa?”

“Ƙara.”

“Ruwan sanyi?”

“Sai da janareta. Na Gobara, wakilin 'yan kwana-kwana, yana jin janareta zai cire tabarau, in ya cire tabarau kuwa an gama.”

“To, ɗinki.”

“Ƙyallaye su toshe kwata. Bar wurin, Auta, za mu dawo kansa. Mu fara toshe ƙofofin da suke shigowa.”

Mako uku muna toshe ƙofofi. Duk wani dalilin da aka taɓa korar mutum da shi a ɗakin nan yana cikin kan Yaya, har da sunan wanda ya kawo shi da kalar rigar da ya sa ranar. Ƙofa za ta buɗe ta waje. Bokitin yashi biyu, da ranar da za a riƙa sauya yashin. Kwandon shara mai murfi. Ba za a ajiye ko kujera a kan hanyar masu tafiya ba. Ta sa na rubuta abin da za ta yi in ɓera ya shigo, da abin da za ta yi in ya shigo da iyalinsa. Mutane kan kawo shafi uku, mu muka kai arba'in da ɗaya. Magatakardan da ke karɓar takardu ya ɗaga fayil ɗin ya ji nauyinsa, ya buga hatimi cikin ladabi, bai buɗe ba.

Ranar Laraba na raka ta, don an yarda mai nema ya shiga da mutum ɗaya. Ta sa sabon mayafi, ta kulle sito ta jefa makullin a jaka. Amma hali zanen dutse ne. Da shigarta ta durƙusa ta gyara kwalin da ke tokare ƙafar tebur, ta zuba wa kowa shayinsa yadda yake so, sannan ta zagayo ta zauna a kujerar masu nema, wadda ta goge sau dubu ba ta taɓa zama a kai ba.

Duba-gari ya fara, ya tambayi shara.

“Shafi na goma sha biyu, ranka ya daɗe.”

Na Gobara ya kai hannu ga tabaraunsa.

“Shafi na bakwai zuwa na tara,” ta ce, tun kafin ya buɗe baki. Ya sauke hannun.

Injiniya ya nemi faɗin ƙofa, ta ba shi, ta kuma tuna masa cewa a zaman bara shi da kansa ya ƙara taƙi ɗaya. Shugaba yana ta juya shafuka yana gyaɗa kai. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin shago marar laifi irin wannan ba. Ni a baya har na fara kumbura, ina jiran a tambayi wanda ya buga.

A ƙarshen tebur akwai wakilin 'yan kasuwa, wani tsoho da ke zuwa zaman kwamiti don ya rama barcinsa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, “To, 'yata, me za ki sayar a ciki?”

Shugaba ya koma shafin farko. Akwatin yana nan fari fat, yadda muka bar shi. Yaya ta waiwayo ta dube ni, ni kuma na dubi fanka. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Shekara talatin ina buga wa mutane takardu, ina yi musu faɗa in sun manta kwanan wata, ga shi na buga shafi arba'in da ɗaya a kan shagon da babu komai a cikinsa.

“Ranka ya daɗe,” in ji Yaya a hankali, “duk abin da na ɗauko, sai in tuna wanda aka kora a kansa.”

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Sakatare ya ɗauki jan biron soke takarda. Ana cikin haka mai gadi ya turo ƙofa ya leƙo.

“A gafarce ni. Ta Takwas, ga wata mata can da kan keke, da wani mai kwandon agogo, sun tare matakala. Sito kuma a kulle.”

Yaya ta miƙe ba ta nemi izinin kowa ba, ta fita daga zaman da ake yanke mata hukunci, ta bar ƙofa a buɗe. Mutum bakwai suka juya suna kallo. Ta buɗe sito, ta karɓi kan keken ta kwantar da shi a kan buhu don kada mai ya zuba, ta rataye kwandon agogo nesa da bokitin ruwa, ta yaga ƙyalle da haƙori, ta ce wa matar ta gyara ɗankwalinta kuma kada ta ambaci janareta. Da ta juyo, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sauran ƙyallen da ke hannunta. Sannan ta dawo ta zauna.

“A rubuta ajiya,” ta ce. “Mutane suna zuwa tsakiyar gari daga nesa, suna yawo da kaya a ka daga shago zuwa shago. Banki ba ya barin a shiga da jaka, ku ma ba kwa bari. Ni zan riƙe musu. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba janareta.”

Tsohon ya buɗe ido na biyu, abin da Yaya ta ce sau uku kawai ta taɓa gani.

Saura mutum ɗaya bai yi magana ba. Jami'in tsare-tsare ne, dogo, mai tsuke baki, wanda duk garin suke kira Ban-gamsu-ba, domin da kalmar yake fara kowace magana, kuma ya kori mutane fiye da sauran shidan a haɗe.

“Ban gamsu ba,” ya ce. “Doka ta ce mai nema ya kawo shaidar ƙwarewa a sana'arsa. Ina takardarki?”

“Ba ni da takarda.”

“To, wa zai shaida cewa kaya ba sa ɓata a hannunki?”

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Na san kallon, shi take yi mini in tana shawarar ko ta tona ni ko ta ƙyale.

“Kai, ranka ya daɗe. Akwai ajiyarka a wurina. Watan jiya ta cika shekara goma sha tara.”

Shugaba ya matso da kujera. “Ajiyar me?”

“Ba na faɗin kayan mutum.”

Ban-gamsu-ba ya cire hula ya mayar. Muryarsa ta sauko. “Har yanzu yana nan?”

“Yana bayan bokitai. Duk shekara ina sauya masa takardar naɗi saboda gara.”

“To, a kawo mini shi.”

“Ka kawo rabin ƙyallenka.”

Na dafe kai. Mutumin da shagonta ke hannunsa, shi take hana wa kayansa a gaban shugaba. Na yi mata tari, ta ce, “Auta, in ƙwaro ne ya shiga maƙogwaronka, ga shayi.” Na Gobara ya fashe da dariya har tabaraunsa ya faɗi da kansa. Aka ce a ɗaga hannu. Shida suka tashi nan take. Na bakwai ya ɗan jima a kan tebur, sannan ya tashi, mai shi yana kallon taga. Sakatare ya ajiye jan biro ya ɗauki shuɗi.

A hanya na yi juyin duniya ta gaya mini mene ne a bayan bokitai, ta ce in ji da furfurata.

Ranar da muke shirya shagon, ina kan tsani ina kafa kantoci, sai ga Ban-gamsu-ba da wani tsohon fayil a hammata. Ya buɗe shi a gaban Yaya. Takardar neman shago ce, ta yi ja don tsufa, an ratsa ta da jan biro, kuma a maƙale da ita ga ɗan ƙyalle mai ruwan ƙasa. Yaya ta ɗauko wani faffaɗan abu a naɗe, ta haɗa bakin yagar, ya dace.

Shi ya kwance naɗin da hannunsa. Allon shago ne, fentinsa kamar jiya aka yi, da sunansa da manyan baƙaƙe, da zanen rediyo. Ya ce yana saurayi ya zo neman wurin gyaran rediyo, kuma don zumuɗi ya sa aka rubuta allon tun kafin a zauna. Cikin minti biyar aka kore shi, wai ƙara za ta dami maƙwabta. Kunya ta hana shi bi ta gaban sito, ya sulale ta ƙofar baya. Da ya dawo ginin a matsayin ma'aikaci bayan shekaru, kullum sai ya gaishe da Yaya, yana fatan ta manta fuskarsa.

“Ba na manta mai kaya,” in ji ta. “Amma tun da ba ka tambaya ba, ba ni da bakin magana.”

Ya shafa allon, ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofarta, inda ba mu rataya komai ba tukuna. “Inna, katakon yana da kyau. Ki juya bayansa a rubuta naki.”

Haka aka yi. In ka bi ta layin banki za ka gan shi a saman ƙofar da ke ƙarƙashin matakala, an rubuta AJIYA, kuma kullum akwai layin mutane da kaya a ka. Sunansa da rediyonsa suna kallon bango. Ɗakin bayan da aka yi wa fenti, jikoki ke karatu a ciki. Jami'in kuwa, masu zuwa shagona sun ce har yanzu da “ban gamsu ba” yake farawa, sai dai yanzu yakan bar mutum ya kai aya. Ya kuma sauya hanyar zuwa ofis. Kowace safiya ta gaban shagon Yaya yake bi, ya ɗan tsaya ya dubi allon, ya gaishe ta, sannan ya wuce.