Jami'a Ba Ta Jiran Noman Fari

A ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, duk yaron da ya ce zai nemi jami'a, to ya shirya wa Sama'ilu. Zai tare shi a bakin rijiya ko a hanyar kasuwa, ya hau yi masa bita a tsaye, don shi Sama'ilu ba ya iya zama wuri ɗaya. "Simista zangon karatu ne, biyu ne a shekara. Kos shi ne darasin da ka ɗauka. In ka faɗi ya biyo ka baɗi, wannan shi ne kari-oba. Kana ji na kuwa?" Yara da sun hango shi sai su sake hanya. Mutumin da ko kwana ɗaya bai taɓa yi a jami'a ba!

Ni da muka tashi tare, ba na iya yi masa dariya.

Shekarar da ya samu gurbin karatu, taki ya gagari talaka. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, gona ta dawo wuyansa, ga mahaifiyarsa Inna Hure, ga ƙanne reras. Dogon yajin aikin malamai kuma ya hargitsa lokutan karatu, sai aka buɗe rijistar sababbin ɗalibai daidai saukar ruwan shuka.

Mu kuwa a nan, in ruwa ya sauka komai tsayawa yake yi. Biki sai kaka. Rigimar iyakar gona sai kaka. Ko mai gari ba ya kiran taro ana tsakar noma. Don haka da Sama'ilu ya ce zai tafi bayan noman fari, babu wanda ya ga aibu. Kawunsa ma cewa ya yi, "Su ba sa cin tuwo ne? Ai sun san damina ce."

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. A gona, ya nome kunya biyu, ya miƙe ya dubi titi. Ya koma, ya sake miƙewa. Ranar da noman ya kai ƙarshen gona, ko hutawa bai yi ba ya hau motar Kano.

Wata dattijuwa ya tarar a ofishin rijista. Ta ce, "An rufe, ɗana. Gurbinka ya wuce."

Ya zayyana mata komai, har rasuwar da aka yi musu. Ta jinjina kai. "Ai da ka zo ka yi rijista, sai ka nemi difamen."

"Mene ne shi, Hajiya?"

"Ɗage karatu. A ajiye maka gurbinka sai baɗi, ka koma ka yi nomanka."

"Dama ana yin haka?"

"Duk shekara."

Ya sake zana jarrabawar shiga daga baya, makinsa bai kai ba, hidimar gida kuma ta ci gaba da cin sa.

Abin da ya fi min ciwo, geron shekarar nan ya yi kyau. Ina wurin ranar da ake ɗaurin dammuna. Inna Hure ta ɗaga zangarniya guda, fuskarta cike da murna, don bai taɓa gaya mata abin da matar ofis ta ce ba.

"Ka gani, Sama'ilu? Da ka tafi, wa zai nome mana wannan?"

"Haka ne, Inna," in ji shi. Ya sunkuya ya ja igiyar damin har sai da ta tsinke.